Fenti Ba Ya Kama Birki

Makonni biyu da suka wuce, a filin da nake gabatarwa da daddare, wani mai sauraro ya bugo waya daga Treichville yana dariya. Ya ce, "Malam, duk matsalolin da suka dami Hausawan Abijan, ka rasa abin da za ka kawo mana sai zancen gyaran keke?" Na ba shi haƙuri, na ce lokaci ya ƙure, amma zan amsa masa a rubuce. To ga amsar nan. Ba mai daɗi ba ce, domin da shi nake, da ni kaina, da duk wanda ya taɓa tura tsohon keke wurin mai gyara ya ce, "A sa mini mai sauƙin kuɗi, amma ya yi kyau."

Wanda ke da mota, ko wanda kuɗin gbaka da woro-woro ba ya girgiza masa aljihu, shi ne zai yi wa maganar keke dariya. Amma ya fito da asuba ya tsaya bakin titin Nangui Abrogoua a Adjamé ya ga su wane ne a kan kekuna. Zai ga yaron da ke kai wa masu shayi burodi, kwandonsa ya fi shi tsawo. Zai ga mai gadi ɗan Adar da ya kwana a ƙofar gidan wani, yana komawa ɗakin da suke haya su shida. Zai ga ɗan aiken shago da kwali biyu ɗaure a kariya. Ga waɗannan bayin Allah keke jari ne. Ranar da ya kwanta, abincin ranar ya kwanta, kuɗin da za a aika Tawa ko Madawa ƙarshen wata ya ragu. Ranar da birkinsa ya ƙi kamawa kuwa, ba a maganar kuɗi, sai dai a ce Allah ya kiyaye.

Abin da nake cewa a taƙaice shi ne: mu ne muke kashe tsofaffin kekunanmu da hannunmu, da sunan gyara. Muna cire ƙarfen da ya shekara arba'in yana aiki, mu sa wanda ba zai ga damina biyu ba, mu shafe da fenti, mu liƙa sitika, mu ce an mayar da shi sabo. Na san haka ne domin na yi.

Kawuna ya zo Abijan ci-rani tun ban zo duniya ba, ya kafa teburin kofi da burodi, irin wanda mutanen garin nan suka laƙaba wa suna "aboki" saboda mu. Da ya tsufa ya koma gida, sai ya bar mini kekensa, wani tsohon Peugeot mai siraran tayoyi, wanda ya yi shekaru jingine a bayan ɗaki. Bara na ce bari in tayar da shi, ko na huta da cunkoso tsakanin gida da wurin aiki. Na kai shi wurin wani mai gyara a Adjamé. Kalma ɗaya na faɗa masa: ina so duk wanda ya gani ya ɗauka daga kanti na fito da shi. Bayan kwana huɗu na dawo, na tarar da keke yana walƙiya. Koren fenti, sababbin ƙafafu masu ƙyalli kamar madubi, hannuwan birki baƙaƙe na roba, ƙararrawa mai kukan tsuntsu. Na biya ina murna, har da tukuici. Tsofaffin ƙarafan da ya cire kuwa ban ko tambaye shi inda suke ba.

Wata uku aka yi. Ranar wata Talata cikin watan Yuni, ana ruwa irin na Abijan wanda ba ya sallama, na tsallake gada na gangaro Treichville, sai wata tasi ta tsaya cak a gabana za ta ɗauki fasinja. Na damƙe birki da hannu biyu. Robar birkin ta riƙa sulɓi a kan jiƙaƙƙen ƙarfe kamar an shafa sabulu. Na ƙara matsawa da ƙarfi, hannun dama ya lanƙwashe har ya taɓa kan keken. Da kafaɗata na tsaya, a bayan motar. Na tashi da gwiwa a fashe da haƙori guda a gutsure. Abin da ya hana ni barci a daren nan ba ciwon ba ne. Tunawa na yi da safiyar ranar na ɗauki ɗan yayata a kan kariyar keken nan na kai shi makarantar allo.

Washegari na tura shi wurin wani dattijo Bamoshe da ke gyara a Treichville, wanda na sha wucewa ina raina rumfarsa domin ba ta da kayan ado a rataye. Ya kifa keken, ya juya ƙafa, ya kasa kunne, ya girgiza feda. Sannan ya ɗago ya ce, "Ɗana, ina birkin da keken nan ya zo da shi?" Na ce, "Baba, an canza, ai ya tsufa." Ya ce, "Mafac ne. Da ka kawo mini shi da tsatsarsa, roba da waya kawai zan sa masa, jikanka ma ya hau." Ya nuna mini inda aka tura wani kofin boris na ƙirar Ingila da ƙarfin tsiya cikin ramin feda na ƙirar Faransa, har ya ci haƙoran ramin. Ya buɗe cibiyar ƙafar gaba da aka ce sabuwa ce, babu giris a ciki sai wani jan ruwa. Ranar na gane kallon kitse na yi wa rogo, kuma da kuɗina na saya.

Kada wani ya ce ai laifin mai gyaran farko ne shi kaɗai. Yana da nasa, zan zo kansa. Amma abin da na roƙa shi ya ba ni. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ni ne ban tambayi ƙarko ba, ƙyalli na tambaya.

Abu na farko da muke mantawa shi ne Abijan ba Tawa ba ce, ba Maradi ba ce, ba Kano ba ce. A can arewa abokin gabar keke ƙura ce da ƙaya. Keke zai shekara goma a zaure, ka kakkaɓe shi, ka sa mai, ka hau. Nan kuwa damina biyu muke yi a shekara, babbar tana kai ƙarshen ƙarfinta a watan Yuni, ƙaramar tana zuwa wajen Oktoba da Nuwamba, kuma tsakaninsu ma iska jiƙe take. Treichville a kan tsibiri take, ruwan Ébrié ya kewaye ta, kuma tun 1950 da aka buɗe mashigin Vridi aka haɗa wannan ruwa da teku. Iskar da ke kaɗawa a nan tana ɗauke da gishiri. Duk ƙarfen da aka yi wa wankan ƙyalli sama-sama, wata shida ya ishe shi ya fara zubar da ɓawo. Saboda haka wanda ya zo da ilimin keke na Adar ya ce da shi zai yi aiki a bakin teku, ya shirya asara.

To me ake nufi da ƙarko a irin wannan gari? Ni dai a wurina, kayan keke mai ƙarko shi ne wanda ruwa ba ya cinye shi da wuri, wanda mai gyara na bakin titi zai iya buɗewa da sifana ya wanke ya mayar, kuma in ya mutu za a sami magajinsa a kasuwar Adjamé ba sai an yi aike Turai ba. Duk abin da ya faɗi ɗaya daga cikin waɗannan, ko nawa aka saye shi, ko sunan wane kamfani ke jikinsa, bai cancanci kekenka ba.

A fara da gangar jikin keken, wato firam. Nan ne tsohon keke ya fi sabo, kuma nan ne dalilin da ya sa ya cancanci wahala. Firam ɗin ƙarfe in ya lanƙwashe kaɗan ana miƙe shi, in ya tsage mai walda yana iya ɗinke shi. Kafin ka kashe ko dala, duba ƙarƙashin bututun da ke bayan kan keke, in ka ga fenti ya tattare kamar fatar tsohuwa, keken ya taɓa karo da gaba. Duba wajen ramin feda da ƙafafun baya, in tsatsa ta huda, a haƙura. In kuwa lafiya lau yake, to kana riƙe da abin da ya fi yawancin sababbin kekunan da ake jerawa a bakin titi.

Sai birki, kuma a nan ba a ciniki. Hannun birki ya zama na ƙarfe ko na alminiyon. Na roba yana lanƙwashewa daidai lokacin da ka fi bukatarsa, ni shaida ne. Wayar birki a sa wadda ba ta tsatsa, wadda masu kaya a nan suke kira inoks, a kuma canza rigarta gaba ɗaya, domin ruwa a cikin rigar yake kwanciya ya ci wayar ba ka gani. Robar birki in ta bushe ta yi tauri kamar dutse, ko ba ta cinye ba ta gama aiki. Tsohon birki mai kyau kuwa, irin Mafac na kekunan Faransa, ba ya mutuwa don ya yi baƙi. A wanke, a sa mai a mahaɗansa, a mayar.

Amma birki shi kaɗai ba ya tsayar da keke, sai da abin da zai kama. Nan ne maganar da masu son ƙyalli ba sa so su ji. Gare-garen ƙafa na ƙarfe mai walƙiya, in ya jiƙe, roba ba ta kama shi sai ƙafar ta yi juyi da yawa ta share ruwan. Na alminiyon ba shi da kyan gani, dusu-dusu yake, amma yana kamuwa cikin ruwa fiye da na ƙarfe nesa ba kusa ba, kuma ba ya tsatsa. A garin da ake ruwa kamar da bakin ƙwarya, wanda ke da halin canza ƙafa ɗaya tak, ya canza ta gaba zuwa alminiyon, domin birkin gaba shi ne ke ɗaukar mafi yawan aikin tsayawa. Wayoyin ƙafar kuma su zama inoks. Na tutiya suna yin fari, su yi ja, su fara tsinkewa ɗaya bayan ɗaya, kai kuma kana zarya wurin mai gyara kana biyan kuɗin ɗauri. Mai ɗaukar kaya kada ya yarda da ƙafar da ba ta kai waya 36 ba. Turawan Ingila da suka ƙera tsofaffin Raleigh sun san abin da suke yi da suka sa 32 a gaba, 40 a baya, inda nauyi yake.

Yaya za ka bambance, tunda a rumfa kowa rantsuwa yake yi? Sa ɗan mayen ƙarfe a aljihu, ko na tsohuwar lasifika ne. Ba ya kama alminiyon ko kaɗan. Wayar inoks yana ɗan jan ta sama-sama ko ya ƙyale ta, ta tutiya kuwa yana manne mata. Wannan ɗan ƙarfe ya fi rantsuwar ɗan kasuwa goma.

Daga nan sai abin da ido ba ya gani, wato boris da giris. Duk inda keke ke juyawa, a cibiyar ƙafa, a ramin feda, a wuyan keke, 'yan ƙwallayen ƙarfe ne ke ɗauke da kai. Yawancin tsofaffin kekuna suna da ƙwallo 9 masu kaurin rubu'in inci a kowane gefe na cibiyar baya, da 10 ƙanana a kowane gefe na gaba. Kuɗinsu bai taka kara ya karya ba, amma su ne ake yi wa rowa. Sai ka ga an wanke tsofaffi da kananzir an mayar, ko an sa sababbi ba giris. Ka tsaya a kan mai gyara ya buɗe a gabanka. In mazugin da ƙwallayen ke gudu a kai ya yi rami-rami, a canza shi. A cika giris har ya fito ta gefe, domin a Abijan giris ba don santsi kaɗai ake sa shi ba, shi ne ƙofar da ke hana ruwa shiga. Kuma a sake buɗewa bayan kowace babbar damina.

Sarƙa ita ma tana da ma'auni, ba sai an yi duba ba. Daga fil zuwa fil rabin inci ne. In ka ƙirga tazara 24 a sabuwar sarƙa za ka sami inci 12 cif, wato santimita 30 da rabi. In ta ƙaru da milimita ɗaya da rabi, lokacin canji ya yi. In ta kai milimita 3, ta riga ta ci haƙoran baya, sai an canza su tare. Wanda ya sa sabuwar sarƙa a kan cinyayyun haƙora zai ji tana tsalle duk lokacin da ya taka da ƙarfi, ya ce an sayar masa da jabu, alhali shi ne ya haɗa amarya da gawa. Mai kai burodi da mai gadi, ni shawarata su zauna a kan giya ɗaya da sarƙa mai kauri. In kuwa Allah ya haɗa ka da tsohon keke mai giya uku a cikin cibiya, ƙirar Sturmey-Archer, wadda samfurinta na AW ya fito tun 1936, kada ka bari kowa ya cire maka ita. Kayan cikinta a rufe suke, ruwa da laka ba sa kai musu, 'yan ɗigon mai kawai take nema. Duba jikinta ma, yawanci an buga shekarar da aka ƙera ta.

Sai taya, inda ake yi mana wasa da hankali da lamba 28. Ka je ka ce a ba ka taya 28, a miƙo maka, ka kai gida ta ƙi shiga, ko ta shiga tana rawa. Dalili shi ne 28 iri biyu ce. Ta manyan kekuna irin Raleigh da Phoenix da Hero faɗin bakinta milimita 635 ne. Ta kekunan Turai na yanzu, wadda ake rubuta wa 700C, milimita 622 ce. Abin dariya, wadda ake kira 27 milimita 630 ce, wato ta fi wata 28 ɗin girma. Wasu tsofaffin kekunan Faransa kuma 650B suke ɗauka, milimita 584. Maganin wannan ruɗani yana rubuce a gefen tsohuwar tayarka: lambobi biyu da ɗan layi a tsakani, kamar 40-635 ko 37-622. Ta biyun ita ce gaskiya. Rubuta ta a takarda ka tafi da ita kasuwa. Wanda kuma zai sauya ƙafa daga 630 zuwa 622 don ya riƙa samun taya cikin sauƙi, ya tabbata robar birkinsa za ta iya sauka da milimita 4.

Wannan ya kawo ni kan laifin masu gyara, kuma ba zan rufa musu ba. Abijan mahaɗa ce. Kekunan Faransa sun shigo tun zamanin mulkin mallaka, na Ingila da na Indiya da na Sin sun biyo hanyar 'yan kasuwa, ga kuma na gwanjo da ake saukewa daga kwantena a tashar jiragen ruwa, waɗanda ake kira "France au revoir". Kowanne da irin haƙoran notinsa. Ramin feda na tsohon keken Faransa milimita 35 ne, kuma gefe biyun duk dama ake ɗaure su. Na Ingila ya ɗan fi shi ƙanƙanta, tazarar haƙoransa daban, kuma gefen sarƙa hagu ake ɗaure shi. Raleigh na Nottingham ma nasa daban ne da na sauran Ingila. Ita kanta feda, ta Faransa da ta Ingila sun yi kama kamar tagwaye, amma ba ɗaya ba ne. Mai gyaran kirki ya san wannan. Wanda bai sani ba, ko ya sani yana sauri, sai ya ji noti ya yi juyi biyu ya cije, ya ɗauko bututu ya ƙara wa sifana tsawo, ya hau da ƙarfinsa. Daga ranar firam ɗin da ya tsallake shekara arba'in ya zama na jari-bola. Wannan ba gyara ba ne, ɓarna ce, kuma amanar mutane ce ake ci. In noti bai shiga da yatsa ba, ba nasa ba ne.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce, "Kai mai albashi ne, kana magana a gaban makirfo. Talaka abin da aljihunsa ya kai shi yake saya." Na ji, kuma ban raina talauci ba. Manyanmu har yau suna tuna Janairun 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi, aka wayi gari kayan waje sun yi tashin gwauron zabi. Tun daga nan "wanne ya fi araha" ta zama gaisuwarmu a kasuwa. Amma a yi lissafi. A ce taya mai araha jaka uku ce, mai kyau jaka bakwai. In mai arahar tana mutuwa sau uku kafin mai kyau ta mutu sau ɗaya, wa ya fi kashe kuɗi? Ba a ma sa kuɗin faci ba, ba a sa safiyar da burodi ya makara mai shayi ya koma wurin wani ba. Talaka shi ne wanda bai da halin sayen abu sau uku. Kuma ba wanda ya ce a yi gyaran rana ɗaya. Wannan wata birki, wata mai zuwa ƙafar gaba, na gaba boris da sarƙa. Keke ya yi wata shida da tsohon fentinsa, ba wanda ya taɓa mutuwa saboda muni. Abin da ke ba ni haushi shi ne, mutumin da ya ce ba shi da kuɗin wayar birki mai kyau, shi ne za ka ga ya sa madubi biyu da fitila mai launi bakwai da tuntu a hannu. Ashe kuɗin akwai, inda aka kai su ne ba daidai ba.

Kada kuma a fake da cewa ai kayan Sin ne suka lalata kasuwa. Wannan zancen ragwaye ne. Phoenix da Flying Pigeon daga Sin suka fito, kuma sun yi dakon buhunan hatsi a ƙauyukanmu shekara da shekaru. Masana'antun can suna ƙera na kowane aljihu. Ɗan kasuwarmu ne yake zaɓar wanda zai loda a kwantena, kuma yana zaɓar abin da ya san za mu saya. Ranar da muka fara mayar da kayan banza muna tambayar mai ƙarko, kwantenar za ta canza.

Akwai wasu kuma a ɗaya gefen, su ma ban bar su ba: 'yan "orijinal". Su a wurinsu duk abin da ya zo da keke daga Turai mai tsarki ne, ba a taɓawa. Da tsohuwar zuma ake magani, gaskiya ne, amma ba kowane tsohon abu ne zuma ba. Kamfanin Simplex na Faransa ya fara yin abin canza giya da wata irin roba tun farkon shekarun 1960, aka sa wa kekunan Peugeot masu yawa, kuma duk wanda ya san su ya san yadda robar ke tsagewa in ta tsufa. Yawancin Peugeot na talakawa da gare-garen ƙarfe suka zo, wanda na gama faɗin halinsa a cikin ruwa. Sirdin fata yana da daɗin zama, amma in za ka bar keke a waje cikin daminar Abijan, ka yi masa riga ko ka haƙura da shi. Ba gidan tarihi muke buɗewa ba, abin hawa muke gyarawa. Abin da ya tsufa da kyau a riƙe shi, wanda ya zo da aibi tun daga masana'anta a sallame shi ba kunya.

Haka nan samarin da suka ga kekunan tsere a intanet suka ce sai sun sa wa keken kawu giya goma sha ɗaya da birki mai ruwa. Sarƙar irin wannan giya siririya ce, tana da tsada, ba ta son laka. Ranar da wani ɗan ƙaramin abu ya karye, za ka zaga Adjamé tun daga Forum har Black Market kana nuna hoto a waya. Abin canza giya na da, wanda ake ja da hannu har a ji sarƙa ta zauna, yana aiki da kusan kowace irin giya, kuma yaron mai gyara ma zai iya saita shi.

Fenti fa? Ban ce haram ba ne. A garin gishiri fenti riga ce. A kankare tsatsa har a ga farin ƙarfe, a shafa jan fentin nan na ƙasa mai hana tsatsa, sannan a sa launin da rai ke so. Abin da na ƙi shi ne a fesa fenti a kan tsatsa don a rufe ido, da kuma a sa shi a gaba alhali shi ne na ƙarshe a layi.

Ƙasan duk wannan akwai wata cuta da ba mu son faɗa: kunyar keke muke ji. Shi ya sa muke so ya yi kama da sabo, kada a ce wane ya tsiyace. A ƙasar Hausa an yi zamanin da malamin makaranta ko ma'aikacin en'e in ya sayi Raleigh sai unguwa ta fito kallo, har kamfanin ya kafa masana'anta a Kano. Yau babur ya zo, keke ya zama abin ɓoyo. To ni ban ga abin kunya ba ga mutumin da ke wuce motoci a cunkoson Adjamé da ƙarfin ƙafarsa, bai ci bashin kowa ba, bai sayi mai ba. Abin kunya shi ne magidanci ya ɗora ɗansa a kan keken da ya san birkinsa na wasa ne.

Saboda haka ga roƙona. Masu gyara, ku ji tsoron Allah ku ajiye wa mutum kaya iri biyu a gabansa, ku ce wannan wata shida ne, wannan shekara biyar, ya zaɓa da saninsa. Ku mayar masa da duk abin da kuka cire, ko bai tambaya ba. 'Yan kasuwarmu na Adjamé da Treichville, da yawanku 'yan uwanmu ne, tare muke sahu a masallaci, ku daina rantsewa a kan abin da kuka san kwali ne kawai mai kyau. Shugabannin al'umma da ke tara mu kan zancen takardun zama da na biki, su sa wannan ma a baki, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Mai keke kuma, ka tafi kasuwa da mayen ƙarfe da lambar tayarka, ka tsaya a kan aikinka har a gama.

Keken kawu yana nan. Dattijon ya sami wanda ya gyara haƙoran ramin fedar da ƙyar, ya tono mini wani tsohon Mafac daga cikin buhun ƙarafansa, muka sa ƙafar gaba ta alminiyon. Koren fentin ya fara ɓarewa, ban sake shi ba tukuna, kuɗin sun tafi wurin taya. Ya ga babbar damina guda da ƙarama guda, kuma duk inda na ce ya tsaya yana tsayawa.

Mai sauraro na Treichville, ka ji dalilin da ya sa na kawo zancen keke. Layin yana buɗe daren Alhamis, in kana da ja ka bugo. Allah ya tsare mu a kan hanya, ya sa mu sauka lafiya.